Injin Maman Godwin

Magdalina sunanta, amma duk layinmu Maman Godwin muke kiranta. Daga Zonkwa mijinta Irimiya ya kawo ta Minna tana amarya, lokacin yana aikin reluwe. Bai yi tsawon rai ba. Ya bar mata ɗa guda, da ɗaki biyu na haya, da injin niƙa da ya saya da kuɗin sallamarsa, irin mai shan gas ɗin nan da sai an murza masa ƙarfe kafin ya tashi. Ta kafa shi a rumfar kwano can ƙarshen layi, a bakin babbar kwatar da ke kwaso ruwan unguwannin tudu ta wuce da shi bayan gari. Da wannan injin ta biya wa Godwin makaranta har ya gama, ya sami aiki a Kaduna.

Gajeruwa ce, ga damtse, kullum girarta fara fat da gari. Kuma ba ta da daɗin baki, wannan kam ko a gabanta zan faɗa. Ki kai mata wake da tsakuwa ɗaya a ciki, sai duk wanda ke rumfar ya san ba a koya miki tsinta a gidanku ba. Ni awara nake yi, saboda haka kusan kullum ina gabanta da bokitin waken suya, kuma kusan kullum sai mun taɓa.

"Maman Umar," haka take ce mini, "kina sayar da awaran nan ne, ko ke ne kina cinye shi? Matsa ki ba mutane hanya."

Ni kuma in ce ta je ta wanke fuska tukuna kafin ta yi wa mutane magana, ta tsorata mana yara. Shekara da shekaru muna haka. Amma ranar da na haifi autana, ita ta fara shigowa ɗakina da ruwan zafi a ka, tana mita wai na zaɓi ranar da aiki ya yi mata yawa.

Injin nata ba shi da lokaci. Gas ya yi tsada, don haka ba ta tayar da shi saboda kwano ɗaya, in kuwa ta kashe ta kashe, ko ke wace ce sai gobe. Ba ta aika kowa ya sanar. Injin ne da kansa ke sanarwa. Zai fara da tari, tu, tu, tu, sannan ya ɗauki ruri, bangon kwata ya riƙa maido da ƙarar har cikin ɗakunanmu. Da mun ji, kowace sai ta saki abin da take yi. Mai shayarwa ta saɓa ɗa a kafaɗa, mai wanki ta fito da kumfa a hannu, a sunkuci bokiti a gangara, don wadda ta riga isa ita ake fara yi wa. Mun saba har ta kai ƙafa ce ke tashi kafin kai ya yi tunani.

Babu mai riga Rukayat. Banufiya ce daga Bida, matar Sheshi kafinta, tana suyar ƙosai a bakin titi. Siririya, ga dariya, ba ta tafiya sai da ɗan gudu. Gidansu ma ba shi ne mafi kusa ba, amma kafin in lalubo mayafina ta isa ta kama wuri. Bayanta sai Susan mai kunun zaƙi, wadda gidanta ke dab da rumfar. Ni kuwa da gwiwoyin nan nawa, a baya nake ƙarasowa ina haki, su kuma suna yi mini tafi.

A daminar bara injin ya lalace, wani ƙarfe ya karye a cikinsa. Muka yi kwanaki muna wahala, wasu suka koma turmi, wasu suka dakatar da sana'a. Ran nan da safe Maman Godwin ta same mu a bakin famfo ta ce kowa ta jiƙa abinta. Za ta kasuwa ta sayo ƙarfen, ta taho da Yisa makaniki, da yardar Ubangiji kafin la'asar inji zai tashi. Kowa kuwa ta jiƙa, muka kasa kunne.

Ranar ba a yi ruwan kirki a unguwarmu ba, yayyafi ne kawai. Can wajen duwatsu hadari ya yi baƙi ƙirin tun hantsi, amma wa ke kula da hadarin da ba a kansa yake ba? Bayan azahar muka ji ƙarar. Wallahi daidai take da ta injin in ya kama busasshiyar masara, ruri mai nauyi da kukan ƙarfe a ciki. Daga baya aka ce kwanukan rufi ne da duwatsu da ruwan ya ɗebo yana niƙawa a cikin kwata. Ni dai abin da na sani, Rukayat ta wuce ta bayan tagata da gudu tana cewa, "Maman Umar, an gyara! Fito!"

Na tsaya neman takalmi ƙafa ɗaya. Kafin in fito ƙofa da bokiti a ka, ƙarshen layinmu babu shi. Ruwa ne ja wur, ya kusa shafe rufin rumfar, yana tafe da ƙyauren gida da firij da akuya. Wata da ta tsira ta ce sun isa suka tarar da rumfa a kulle, suna tambayar juna to ina ƙarar take fitowa, sai ga shi a kansu.

An sami Rukayat washegari, can nesa bayan gari. Susan da 'yarta har yau ba a gan su ba. Akwai wasu, amma ba zan jera sunaye ba, masu su suna raye kuma ba su gama kuka ba. Gidajen da ke bakin kwata duk suka tafi. Ita kuwa Maman Godwin tana cikin keke Napep ita da Yisa, sabon ƙarfen a cinyarta, ruwa ya tare musu hanya. Ba ta iso ba sai magariba, kuma tun kafin ta sauka aka gaya mata abin da ya fito da matan.

Manya suka zo da motoci, aka yi jawabi, aka raba katifa da shinkafa, aka tafi. Muka kwashe laka, muka shanya abin da zai shanyu. Wannan duk aiki ne, kuma aiki yana ƙarewa. Abin da ya ƙi ƙarewa shi ne mutuwar jikin da ta sauko mana. Gaisuwa ta gajarce. Maza su dawo daga nema su shige ɗaka, teburin mai shayi ba kowa. An yi biki a gidan liman ba tare da ko guɗa ɗaya ba. In babbar mota ta wuce a titi sai hira ta yanke, kowa ya saki baki har ta yi nisa, sannan a rasa inda aka tsaya. Ni kaina na ajiye awara. Na ce wa mutane markaɗe ne ya yi nisa, sai an hau keke zuwa unguwar Limawa. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. In na ɗauki bokitin nan sai in ajiye shi in koma ɗaki.

Babu wanda ya ce laifin Maman Godwin ne, ko mutum ɗaya. Ita ta gaya wa kanta, kuma ta yarda. Ta je gaisuwa gidan Sheshi, ta kai bakin ƙofa ta juyo. Matan zumunta na cocinsu suka zo suka cika mata tsakar gida da waƙa, tana zaune a tsakiyarsu hannu a cinya, bakinta bai motsa ba. Ta rame. Sai a lokacin na san ashe girarta baƙa ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta daina zagina. In shiga in zauna mata a kujera mai kyau, in cinye gyaɗar da aka kawo mata, sai ta ce, "Sannu, Maman Umar." Na gwammace ta mare ni.

Injin bai tafi ba, don a kankare aka ɗaure shi, laka ce kawai ta cika masa ciki. Da damina ta wuce Godwin ya zo, ya sa Yisa ya kwance shi ya wanke, aka sake ɗaura rumfa. Ba don a yi aiki ba, don a sayar. Ya sami mai saye daga Zungeru, zai zo ɗauka bayan Kirsimeti, ita kuma a mayar da ita Zonkwa, ɗakin da ƙanenta ya ware mata. Yisa ya ce a bari ya gwada ko ya tashi. Ta ce muddin tana layin nan babu mai murza ƙarfen nan, in mai saye ya kai shi garinsu ya gwada a can.

Na same ta tana naɗe tangaran a cikin tsofaffin zannuwa. Raina ya ɓaci.

"Wa kika sani a Zonkwa yanzu?" na ce. "Kin baro garin tun ba ki da furfura. Za ki je ki zauna a ɗakin ƙane kina jiran a miƙo miki tuwo?"

"Zan zauna."

"Ke kika kawo ruwan?"

"Ni na ce su jiƙa."

"To sai me? Kullum ba cewa kike a jiƙa ba?"

Ta ajiye farantin da ke hannunta. "Maman Umar, ina jin shi fa. Da rana tsaka, ido na biyu, ina jin inji yana aiki. Ina jin roba yana buga ƙasa, suna yin layi. Rukayat yana dariya, yana ce shi ne na ɗaya. In na leƙa, rumfa a kulle." Ta dube ni. "In na tada shi da hannu na, wa zai fito?"

Na yi faɗa, na yi lallashi, har na yi kuka, abin da ban so ta gani ba. Ta ci gaba da naɗe farantanta. Na fita ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta kamar zuciyata za ta tsage, don na san in ta hau motar nan ba za ta yi shekara ba.

Rukayat ta bar 'yar goye tana shan nono, dole aka yaye ta da koko. Uwar Sheshi ta zo daga Bida ta riƙe yaran, amma tsohuwa ce, ba ta iya daka. Shi Sheshi ne ke ɗaure bokitin gero a bayan babur ya kai Limawa, ya tsaya a layi cikin mata, namiji shi kaɗai, ba ya kallon kowa. Mutum ne marar magana tun da can, bayan rasuwar kuma sai ya ƙara.

Ana sauran 'yan kwanaki Kirsimeti, ina ɗakin Maman Godwin da hantsi, muka ji sallama. Shi ne, da bokiti a hannu. Tun ranar ruwan ba su haɗa ido ba. Ta miƙe tsaye, ta dafa bango.

"Mama, ina kwana," ya ce. "Ba gaisuwa na zo ba. Niƙa na kawo. Gero ne, tun jiya yana cikin ruwa."

"Ɗana," ta ce, "ka kai Limawa."

"Na gaji da Limawa. Na su ba ya laushi, yarinya in ta sha sai tari. Uwar ta ba ta taɓa kai niƙa wani wuri ba." Ya ajiye bokitin a bakin ƙofa. "Zan dawo da yamma."

Ya juya ya tafi abinsa. Ta ce in ɗauka in bi shi da shi. Na ce gwiwata na ciwo, na tashi na koma gidana.

Jiƙaƙƙen gero ba ya jira. In ya wuce lokacinsa sai ya yi tsami ya fara wari, kuma matar da ta yi rayuwarta tana zagin masu lalata hatsi ba za ta iya zama ta kalli haka a ƙofarta ba. Daga tagata ina hangen ta. Ta fito ta janye bokitin zuwa inuwa. Ta koma. Ta sake fitowa ta tsiyaye ruwan ta zuba sabo, ta damƙi geron ta murza a yatsu, ta kai hanci. Ta daɗe a tsugune. Da na ga ta sake shigewa sai na ce shi ke nan, na yi sallar azahar na kishingiɗa.

An yi watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Sama wasai, kwata ta bushe har awaki na kiwo a cikinta. Duk na san wannan. Amma barci ya ɗan ɗauke ni, ban ji tarin farko ba, rurin kawai na ji ya cika ɗaki.

Ban san yadda na fita ba. Ban san yadda na hau tudun masallaci ba, ni da ko matakala biyu sai na huta. Na dai sami kaina a sama, ba mayafi, ba takalmi, kuma duk layinmu na biye da ni. Mata da goyo, wata da tukunya a hannu ba ta san ta ɗauko ba, wani tsoho da ruwan alwala a gemu, yara na ihu ana jan su. Kowa ya juya yana kallon ƙasa yana jiran ya ga ruwan. A gefena Sheshi ne, 'yar goyen a kafaɗa, ya riƙe hannun uwarsa, ƙirjinsa na sama da ƙasa.

Can wani ya ce, a hankali, "Jama'a, inji ne fa."

Babu wanda ya motsa. Wata ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, wasu suka kama mata. Tun da gidajen bakin kwata suka tafi, daga tudun nan ana hangen rumfar sarai. Maman Godwin na tsaye a ƙofarta, hayaƙi na tashi a bayanta, ta ɗaga kai tana kallonmu. Ta tayar da injinta, kuma layi duka ya gudu ya bar ta. Na ce yanzu za ta kashe, gobe ta hau mota. Sai ta juya ta shiga ciki. Ƙarar ta sauya, ta yi laushi, muka san ta zuba geron. Muna tsaye a rana har ta gama, ta ɗauraye, ta kashe.

Ta ɗora bokitin a ka ta hauro tudun, a hankali, ba ta kalli kowa ba sai da ta zo gaban Sheshi. Ta sauke.

"Ga ƙullun ka," ta ce. Ta dube shi, ta dubi yarinyar. "Kai ma ka gudu?"

"Na gudu, Mama."

"Kai da ka kawo niƙan."

"Ni da na kawo." Ya sunkuyar da kai. "Kullum ina gudu. Ko tifa ta juye yashi, ina gudu. Jiya ma na gudu daga shago."

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ta yi watanni tana ɓoye wa fuska, kowa a tsaye da abin kunyarsa a hannu. "Ashe duka mu ne," ta ce. Sannan ta zauna a ƙasa daɓas ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar ruwan. Uwar Sheshi, wadda ba ta jin Hausa sosai, ta tsuguna ta riƙe mata kai tana yi mata magana da Nufanci. Da ta gama ta fyace hanci da bakin zane, idonta ya sauka a kaina.

"Ke kuma, Maman Umar, dama kina da ƙafa haka? Shekara nawa kina sa ni jira?"

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Mutumin Zungeru ya zo ya koma da motarsa wayam. Godwin ya yi fushi a waya, daga baya ya haƙura. Ta kwance tangaranta ta mayar cikin kabad. Ni ma na koma awara.

Kada wani ya ɗauka mun warke. Har yanzu in injin ya ɗauki ruri gabana sai ya faɗi, kuma in hadari ya haɗu wajen duwatsu ba ta buɗe rumfa ko da sarki ne ya kawo niƙa. Yanzu ba injin ke sanarwa ba. Ita ce ke bin layi da ƙafa, ƙarfen murzawa a hannu, ta buga kowace ƙofa. "Zan tada inji fa. Ba ruwa ba ne." Sai ta ji an amsa daga ciki take wucewa. Mu kuma mu fito a hankali. Babu mai gudu, babu mai faɗa kan wa ta riga.

Kwanan baya na shirya da wuri, na biyo bayanta ba ta sani ba. Ta buga ƙofar gida na ƙarshe da ke tsaye, aka amsa. Na zaci za ta shiga rumfa. Sai ta wuce, ta taka kan tushen gidajen da suka rushe, inda ciyawa ta fito, har bakin kwata. Ta buga ƙarfen a kankare sau ɗaya, ta ɗan duƙa, ta yi magana da muryar da take yi mana.

"Rukayat. Susan. Yau kam ni ne."

Ta tsaya, ta karkata kunne wajen kwatar, tana jiran a amsa. Ni ma na sami kaina ina jira.